Filin Gwaggo: Masu Son Tafiya Taimako da Masu Jiran Baƙo

Wasiƙun wannan karon daga Adar suka fi yawa, kuma kusan duka a kan abu guda suke zagayawa: sola, kasuwancin mata, da masu zuwa ko masu son tafiya da sunan taimako. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon gaisuwa, ku yi haƙuri.

WASIƘA TA FARKO

Gwaggo, ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ni ɗiyarki ce daga Tamaske, shekaruna 24. Na ƙare karatun tattalin arziki a jami'ar Tawa, shekara biyu ke nan ina zaune a gida. A WhatsApp na ga sanarwar wata ƙungiya mai neman ƴan mata masu ilimi su je aikin sa-kai na wata shida a gabashin Afirka, su taya matan karkara sayar da fitilun sola, su koya musu lissafin riba. Sun ce sun zaɓe ni, amma sai na tura jika 450 kafin ƙarshen wata, kuɗin biza da rajista da kujerar jirgi. Innata ta yarda ta sayar da awakinta da sarƙarta ba tare da Baba ya sani ba, don shi ya ce ɗiya mace marar aure ba ta zuwa ƙasar da ba ta da kowa. Gwaggo, na gaji da zama. Ƙawayena duk sun yi aure, ni kuma ina son in ga duniya, in yi wani abin kirki. In tura?

AMSA

Ɗiyata, kada ki tura. Ko dala kada ta fita daga hannunki, kuma yau ɗin nan ki ce wa Innarki ta mayar da sarƙarta inda ta ɗauko ta. Sauran maganar mai tsawo ce, amma wannan ita ce ta gaggawa.

Yaushe suka zaɓe ki? Wa ya yi miki tambayoyi, wa ya duba takardunki, wa ya kira malamanki na jami'a ya ji ko wace ce ke? Wanda ya zaɓe ki alhali bai taɓa jin muryarki ba, kuɗinki ya zaɓa. Wa'adin nan na ƙarshen wata kuma da gangan ake sa shi, don kada ki sami sukunin shawara da kowa. Kuɗin biza a ofishin jakadanci ko shafin hukumar ƙasar ake biyansa, a ba ki rasiɗi. Ba a tura shi ta lambar wayar wani mutum.

Aikin sa-kai na ƙasashen waje iri biyu ne. Akwai wanda mai zuwa ne yake biya. Wannan kasuwa ce da aka buɗe don ƴaƴan Turai da Amurka masu son yin mako biyu ko wata guda a wani ƙauyen Afirka ko Asiya, su koma da hotuna da abin rubutawa a takardar neman aiki. Ban kira shi sata ba, sai dai ba domin ki aka yi shi ba. Yuro guda wajen sefa 656 ne. Abin da su za su kashe a hutu, ke sai an karya garke. Akwai kuma wanda ƙungiya ce take ɗaukar nauyin mai zuwa domin tana bukatar abin da ya iya. Misalin da ya fi kusa da ke shi ne shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, cibiyarsa a birnin Bon na Jamus, a nan Nijar an fi saninsa da VNU. Rajista a shafinsu kyauta ce, ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki, kuma wanda aka ɗauka ana ba shi kuɗin zama wata-wata da inshorar lafiya, in ƙasar waje za shi a biya masa jirgi. Gasar da zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma sun fi ɗaukar wanda ya riga ya taɓa aiki.

Sanarwar da kika gani ba ta shiga kashi na biyu ba tunda kuɗi take nema. Ko a na farko ma ba ta zauna daidai ba, domin masu waccan kasuwa suna da ofis da adireshi da tsofaffin baƙi da za ki iya kira ki ji ta bakinsu. Abin da ya rage shi ne wanda ba na son ambata. Matasa nawa aka kira da sunan aiki a Gana ko Abijan, suka isa aka karɓe musu fasfo da waya, aka ce ba su da mafita sai sun jawo wasu su ma su biya? Ga mace abin ya fi muni, sau da yawa aikatau ne a gidan da ba ta da ikon leƙa ƙofa.

Irin aikin da suka kwatanta miki akwai shi da gaske, shi ya sa ƙaryar ta yi daɗin ji. Ƙungiyar Solar Sister ta fara a Yuganda a 2010, daga baya ta shiga Tanzaniya da Najeriya. Mace takan sari fitilu da murhu mai tsimin itace, ta sayar wa maƙwabta da dangi, ribar tata ce. Amma masu bin matan nan ƙauye-ƙauye suna koya musu lissafi ƴan ƙasar ne, masu jin harshensu. Ke da ba ki jin Suwahili, me za ki gaya wa mai sayar da fitila a ƙauyen Tanzaniya wanda ƴar garinsu ba ta fi ki iya faɗa ba? Ba raina ki nake ba. A Tamaske ke ce ƴar garin.

Kada ki ji kamar ina ƙin tafiya. Tassar nan da kike gani a gonakin Adar tafiya ce ta farfaɗo da ita. A 1989 aka kai wasu manoman Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. Da suka dawo suka gwada a gonakinsu, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har fakon da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa. Mutanen nan sun tafi da tambaya a bakinsu, ga kuma gona tana jiransu a gida. Haka nake so ki tafi ranar da za ki tafi.

Kafin ranar, ki je wurin matan asusu na unguwarku ki ce za ki riƙe musu littafi kyauta shekara guda. Ki bi masu garkar albasa da tumatir, ki lissafa musu nawa injin ban ruwa ke sha na mai a rani guda, nawa famfon sola zai ci, a noma nawa zai mayar da kuɗinsa. Karatun da kika yi ke nan, kuma da wuya a sami mai yi musu. Ki rubuta duk abin da kika samu. Ki kai takardunki hukumar ANVD a Yamai, mai tura ƴan ƙasa aikin sa-kai a cikin ƙasa, ki kuma yi rajista da VNU domin suna da gurabe na cikin gida. Bayan shekara, in an tambaye ki me kika taɓa yi, kina da amsa mai lambobi da sunan gari.

Saura Baba. Ban goyi bayan a kulle ɗiya a ɗaki don ba ta yi aure ba, amma a wannan karon tsoronsa ya fi burinki gaskiya. Abin da ya fi damuna ma ɓoyon ne. In kuɗin suka salwanta, Innarki za a fara tuhuma kafin ke, a gidan da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da mutuncinta. Ki je ki same shi da kanki, ki gaya masa abin da ya kusa faruwa, ki ce kin fasa. Uban da ya ga ɗiyarsa ta gane tarko da kanta ya fi sauƙin yarda ranar da ta kawo masa takardar gaske mai hatimi, da sunan wanda zai tarbe ta, da lambar da zai kira. Ran nan ki tafi da baffanki ko kawunki, wanda kika san yana jin maganarsa. Batun ƙawaye sun yi aure kuwa, Allah Ya kawo nagari, amma wannan bai isa dalilin hawa jirgi ba.

WASIƘA TA BIYU

Gwaggo, sallama irin ta addinin Musulunci. Ni ce shugabar wata ƙungiyar Mata Masu Dubara a wani ƙauye cikin Majiya, ta wajen Buza, mu 32 ne. Jikata ce take rubuta mini. Shekara huɗu da suka wuce wasu baƙi suka zo mana da firigon sola da farantai huɗu, suka kwana uku, aka yi ta hotuna, muka yi musu guɗa. Mun sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da zoɓo, azumin farko mun ga kuɗi. Kafin azumi na biyu ya zagayo firigo ya daina sanyi. Lambar da suka bar mana ba ta shiga. Yanzu a cikinsa muke ajiye gero saboda ɓera. Ga shi wata ƙungiya kuma ta aiko za ta kawo mana baƙuwa daga waje ta zauna da mu ta koya mana kasuwanci, da injin niƙa mai aiki da rana. Rabin mata sun ce mu karɓa, ba a mayar da kyauta. Rabi sun ce an mai da mu abin ɗaukar hoto. Har gaba ta fara shiga tsakaninmu. Me kika gani?

AMSA

Ƴar'uwata Shugaba, na gode, a gaida jikar da ta riƙe alƙalami. Bari in fara da firigon gero kafin mu zo kan baƙuwa.

Ina kyautata zaton bai mutu ba. A irin waɗannan kaya abin da ke fara lalacewa batir ne, ko ƴar na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji. Batir mai ruwa ba ya son a tsotse shi ƙarƙaf, ba ya kuma son zafi, ku kuwa a azumi dare da rana kuka sa shi aiki, cikin zafin Adar. Faranti ma in ƙurar hunturu ta lulluɓe shi ba a goge ba, wutar da yake bayarwa raguwa take, batir ya riƙa kwana bai cika ba har ya gaza. Su farantan kansu suna kai shekara 20 suna aiki. Ku kwashe geron, ku ɗauko mai gyaran sola daga Buza ko Madawa ya auna kowane abu daban a gabanku, ya faɗi kuɗinsa. Ba mamaki abin da ya raba ku da kasuwar ƙanƙara duk wannan lokaci bai kai ribar azumi guda ba.

Baƙin can sun yi kuskure da suka tafi ba su bar mai gyara ba. Ku ma akwai naku. Azumin da kuka ga kuɗi, nawa kuka ware domin ranar da batir zai mutu? Da kuna jefa sefa 500 kullum a wani akwati daban, a shekara 182,500 ke nan. Ku da kuka san asusu tun kafin a haifi masu kawo firigon, bai kamata wannan ya wuce ku ba.

Masu cewa an mai da ku abin hoto suna da hujja, amma su ɗaga kai su dubi inda suke zaune. Layukan bedin da ke tare muku iska a Majiya a 1975 aka fara dasa su, kuma maganar ta taso ne daga jami'in gandun daji na Buza, Dauda Adamu, shi da wani Ba'amurke ɗan Peace Corps, suka kai wa ƙungiyar CARE. Kafin nan iska kan kwashe ƙasar gona ta binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu sau uku. Ɗayan mutum biyun nan baƙo ne mai aikin sa-kai, ga itatuwan har yau. A Keita, aikin da Italiya ta biya, hukumar FAO ta gudanar daga 1984, ya zo ne bayan fari, maza sun watse cin rani. Mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan tudu, suna haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abincin hukumar PAM, har aka dasa miliyoyin itatuwa. Ita kanta Mata Masu Dubara da kike shugabanta, a Maraɗi aka fara ta a 1991. Wata ƴar ƙasar Norwe mai aiki da CARE, Moira Eknes, ta zauna da mata, aka ɗauki adashin da suka gada aka yi masa ƙa'ida da akwati, yau ana yin irinta a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Babu ko ɗaya cikin ukun nan da aka yi a kwana uku. Ƴan Peace Corps shekara biyu suke yi a ƙauye, su koyi harshe har su iya ciniki a kasuwa, haka aka yi ta yi daga 1962 har aka janye su a Janairun 2011 saboda tsaro. Kuma a dukansu tushen aikin na gida ne: bedi, dutse, adashi. Sola daga waje ake kawo ta, shi ya sa sharaɗinta ya fi tsauri.

Shawarata ku karɓa, amma da sharaɗi, kuma kada kunya ta hana ku gindaya shi. Ƙungiyar ma tana da abin da take samu a wurinku, sunayenku da hotunanku take nuna wa masu ba ta kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba abin kunya ba ne, ciniki ne, mai ciniki kuwa yana da ikon tayi. Ku tara mata, ku gayyato wakilin ƙungiyar da maigari da wani daga ofishin magajin gari, ku yi tambaya. Me baƙuwar ta iya da hannunta, ta taɓa sayar da ko tsinke? Wata nawa za ta yi, da wane harshe za ta yi magana da ku? Injin na wa ne in ta tafi? A rubuta wannan a takarda, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin magajin gari. Kayan gyaransa ana samunsu a Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi, ko kuwa sai an aika ƙasar da aka ƙera shi? In sai an aika, ku ce a musanya muku da wanda ake samu.

Inda nake so ku kafe shi ne wa za a koya wa gyara. Ku ce mata biyu daga cikinku, manya, masu ƴaƴa da jikoki a garin. Saurayin da aka koya wa gyaran sola, kaka na yi zai kama hanyar Abijan ko Libiya da sana'arsa, kuma ba laifinsa ba ne. A Indiya akwai wata makaranta a ƙauyen Tiloniya, Barefoot College, da Bunker Roy ya kafa a 1972. Saboda wannan dalilin ne take ɗauko iyaye mata da kakanni daga ƙauyukan Afirka da wasu wurare, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, ta koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata shida, da launuka da nuni da hannu. In wani ya ce muku tsohuwa ba ta iya riƙe waya da sukurudireba, ku ba shi wannan labari.

Injin niƙan kuma ki sani daga hantsi zuwa la'asar yake da ƙarfi. In matan garinku da asuba ko da yamma suka saba kai niƙa, ko dai su canza lokaci ko a sayi batura masu tsada, ku kuwa kun riga kun san halin batir. Ku yi wannan maganar tun yanzu. Ku kuma tuna akwai mai injin gazuwal a garin da za ku taɓa abincinsa, ƙila ma ɗan wata ne a cikinku.

Hoto ba a ɗauka sai da izinin wadda za a ɗauka, wadda ta ƙi kuma ba a cire ta daga rabo. Maganar tsaro ba ku za ku yanke ba. Ku nemi ƙungiyar ta nuna takardar izininta ta aiki, ku sanar da ofishin firefe kafin kowane baƙon waje ya sauka a gidanku. Ƙungiyar kirki za ta ji daɗin tambayoyin nan, wadda ta ji haushi kuwa ta ba ku amsa ke nan. Gabar da ta shiga tsakaninku ku kashe ta ranar zubi mai zuwa. Baƙuwa ƴan watanni za ta yi, ku kuwa maƙabarta ɗaya za a kai ku.

WASIƘA TA UKU

Gwaggo, ni ɗan Madawa ne, ina cin rani a Abijan, shekara uku ban je gida ba. Matata ta shiga wata ƙungiya aka ba ta fitilun sola bashi tana sayarwa, ta kuma sa faranti a gida tana cajin waya. Yanzu har kasuwannin ƙauye take zuwa, ta sayi tumaki biyu ba ta tambaye ni ba. Ƴan'uwana suna kirana suna cewa ta fi ƙarfina, wai har maza suna shigowa zaure karɓar waya. Da in na turo kuɗi sai ta yi ta godiya, yanzu Allah Ya amfana kawai take cewa. Ina so in hana ta. Na yi daidai?

AMSA

Ɗana, ba ka yi daidai ba, kuma ina jin ka sani, shi ya sa ka rubuto maimakon ka kira ta ka yanke hukunci.

Cikin shekara ukun nan wa ya kai yaro likita da dare? Watan da aiki ya tsaya a Abijan ba ka turo ba, wa ya auno hatsi? Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, garuruwa suka yi wata da watanni ana ɗauke-ɗauke, mai faranti a gida shi ne abin nema a unguwa. Matarka ta ga kasuwa ta kama. Wayar da ƴan'uwanka suke kiranka da ita suna kai ƙararta, ka tambaye su a ina suka yi cajinta.

Tumakin nata ne. A Musulunci dukiyar mace tata ce, ba sai ta nemi izinin miji ba kafin ta sayi tunkiya da kuɗinta, kuma Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ƴar kasuwa ce mai tura kaya Sham. Ciyarwa kuwa tana nan a wuyanka ko da ta tara garke. Fita kasuwa da shigowar maza zaure, a nan kana da bakin magana, amma da ita za ka yi, masu kawo rahoto su koma gefe. Abu ne mai sauƙin gyara. A sa ƙanenka ko babban ɗanku a ƙofar gida da tebur yana karɓar wayoyi, tana ba shi ladansa. Kasuwa kuma ta riƙa tafiya da abokan sana'arta, ta dawo kafin magariba.

Abin da ya kamata ka tambaye ta, ba ka kuwa tambaya ba, shi ne bashin. Nawa ne, yaushe ake biya, in fitila ta lalace a hannun mai saye wa ke ɗaukar asara? A nan ne mata da yawa suke samun matsala: su ba dangi kaya bashi don kunya, ranar biya ta zo su sayar da tunkiya. In kana son ka nuna kai ne maigida, ka tsaya mata a wannan, ka fara da ƴan'uwanka in akwai mai riƙe mata kuɗi.

Godiyar da ka saba ji a da ta mai tsoron yunwa ce, yanzu tsoron ya ragu. Ka zo gida Sallar nan, ka zo mata da batir mai kyau, ka ji irin wadda za a yi maka.

WASIƘA TA HUƊU

Gwaggo, iyayena ƴan Tamaske ne, ni a Faransa na girma, injiniya ne. Ni da abokaina muna tara kuɗi mu zo hutun mako uku, mu raba wa mata na'urorin girki masu aiki da hasken rana guda 100, don a rage saran itace da hayaƙi. Ta ina za mu fara?

AMSA

Ɗana, Allah Ya yi albarka. Matsalar da ka hango gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar cikin gida, akasari hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Amma kafin ka sayi ko ɗaya, ka kira gwaggonninka na Tamaske ka tambaye su ƙarfe nawa suke ɗora tukunya, me suke dafawa, na mutum nawa. Za su ce maka tuwon dare ne na gida guda cur, ana ɗora shi rana ta riga ta yi sanyi, kuma tuƙi yake so da ƙarfi, tukunya a kafe. Na'urar da sai an tsaya a tsakar rana ana juya ta tana bin haske ba za ta yi wannan ba. Za ta dafa wake da rana, ta tafasa ruwa, bayan wata biyu ka tarar an shanya kuɓewa a kanta.

Ba kai ne farkon mai wannan tunani ba. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabantar ONERSOL, ofishin makamashin rana da aka kafa tun 1965, kuma an ƙera irin waɗannan na'urori a can, da na ɗumama ruwa. Abin da ya fi shiga gidaje, musamman a birane, murhun ƙarfe ne da ake kira Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a shekarun 1980. Maƙeran gida ne suke ƙera shi, yana ɗaukar tukunyar da mata suka saba, yana kuma rage cin itace. Bayan matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ma ya yaɗu, sai dai kuɗin sayen tukunyar farko ke tsayar da mata da yawa.

Ga inda kuɗinku za su yi aiki. Ku ba wata ƙungiyar asusu ta mata a matsayin jari, ta sa maƙeran garin su ƙera murhu ko ta sayi tukwanen gas, ta ba ƴan ƙungiya su biya kaɗan-kaɗan ranar zubi, kuɗin su zagayo ga na baya. Kada ku raba kyauta. Rabon kyauta yana kashe kasuwar maƙeri da ta matar da ke sayar da irin kayan, ya kuma bar wadda ba ta samu ba da ƙulli a zuciya.

Ilimin injiniyancinka ka kai shi inda ake jiransa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 layin kamfanin NIGELEC wutarta take bi, mai garka a bakin fadama bai san da ita ba. Shi abin da yake bukata wanda zai auna masa zurfin rijiya da girman fili, ya gaya masa faranti nawa da wane irin famfo ya ishe shi, kafin ya sayo wanda ya fi ƙarfin aljihunsa ko wanda bai kai ba. Wannan kana iya fara shi ta waya tun daga can. Abokanka masu fasfon waje su fara tambayar ofishin jakadancin Nijar kafin su sayi tikiti, domin shigowa da yawo a karkara ba kamar da ba ne. Kai ka zo, ka sauka gidan baffanka, ka yi makon farko kana gaisuwa da saurare.

Masu aiko mini da wasiƙa a kan bashin sola, don Allah ku riƙa haɗowa da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya: kuɗin farko, na wata-wata, da tsawon garanti. In babu su ba zan iya ce muku an cuce ku ko ba a cuce ku ba.